An kore ka daga aiki a Amurka, an kuma hana ka kuɗin rashin aiki: magana ta ƙare ke nan?

Idan kamfani ya kori ma'aikaci a Amurka, ya rubuta cewa laifi ya yi, shin ma'aikacin ya rasa haƙƙinsa na karɓar kuɗin rashin aiki ke nan? Yawancin mutane za su ce haka ne, har da waɗanda abin ya faɗa wa. Tambayar ta sake tasowa a watan Fabrairun 2025, lokacin da gwamnatin Donald Trump ta sallami dubban ma'aikatan tarayya da ba a riga an tabbatar da su a aiki ba, aka aika wa da yawansu takarda kusan iri ɗaya mai cewa aikinsu bai gamsar ba. An tafi kotu kan korar kanta. Amma kafin kotu ta ce uffan mai gida na jiran kuɗin haya, don haka abin da ya fi damun mutane a makon farko shi ne ko abin da aka rubuta a takardar zai toshe musu ɗan kuɗin da jiha ke ba wanda ya rasa aiki.

Amsar ita ce ba lallai ba ne. Kamfani ne ke kora, amma ba shi ke yanke hukuncin wanda za a biya ba, hukumar ƙwadago ta jiha ce. Ko ita hukumar ta hana a karon farko, doka ta ba mutum damar kai ƙorafi gaban alƙali, kuma a can ne ake tambayar kamfani hujjarsa. Maganar ta shafi 'yan'uwanmu da ke Bronx da Harlem da sauran biranen Amurka, masu aikin gadi, masu kula da tsofaffi, masu aiki a manyan ɗakunan ajiyar kaya, domin irin waɗannan ayyuka ne kora ba ta da wuya a cikinsu.

Kuɗin wa ake magana a kai?

Tsarin ya samo asali daga dokar walwalar jama'a da Shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa hannu a 1935, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe. Jihar Wisconsin ta riga kowa, ta yi tata dokar tun 1932. Har yau gwamnatin tarayya ce ke shata iyaka, kowace jiha kuma ta tsara nata: nawa za a biya, mako nawa, wa ya cancanta. Ma'aikacin tarayya ma idan ya rasa aiki, da dokar jiha ake auna shi.

Kamfanoni ne ke zuba kuɗin, ta hanyar haraji iri biyu. Na tarayya kashi 6 cikin ɗari ne a kan dala 7,000 na farko na albashin kowane ma'aikaci, amma bayan rangwame yakan dawo kashi 0.6, wato dala 42 a shekara, kuma galibi gudanar da tsarin ake yi da shi. Na jiha shi ne wanda ake biyan mutane daga ciki. A Alaska da New Jersey da Pennsylvania ne kawai ake cirar wani abu daga albashin ma'aikaci. Saboda haka ba sadaka ba ce, ba kuma tallafin marasa galihu ba ne da mutum zai ji nauyin nema. Inshora ce da aka riƙa biya da sunansa duk tsawon lokacin da yake aiki.

Abin da ake bayarwa a mako yakan kusanci rabin albashin da, amma da iyakar da ba a wucewa. A Mississippi iyakar dala 235 ce, a Florida 275, a Kalifoniya 450. New York ta daɗe a kan 504 kafin ta ɗaga zuwa 869 a Oktoban 2025, Massachusetts kuwa ta haura dala 1,000. Yawancin jihohi na biya har mako 26, amma Florida da North Carolina kan tsaya a mako 12 idan rashin aiki bai yi yawa a jihar ba. Mutumin Kalifoniya da ya cancanci mafi yawa, aka hana shi ya yi shiru, dala 11,700 ya bari a baya. (Mai karatu a Nijeriya zai ga abin baƙo, domin ba mu da irinsa. Mafi kusa shi ne damar da dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya yi wata huɗu ba aiki ya ciri kashi 25 cikin ɗari na asusunsa, wanda dama kuɗinsa ne.)

Tushen rigimar yana cikin yadda ake lissafin harajin jiha. Ba kowane kamfani ke biyan kaso ɗaya ba. Wanda tsofaffin ma'aikatansa suka fi karɓar kuɗin rashin aiki, harajinsa ya fi hawa. An yi haka ne don a hana kamfanoni sallamar mutane barkatai, kuma niyyar mai kyau ce. Sai dai ta haifar da wani abu dabam: duk ma'aikacin da aka hana, riba ce ga kamfanin da ya kore shi. Har akwai kamfanoni, irin su Equifax, da ke sayar wa manyan kamfanoni hidimar amsa takardun hukuma da halartar zaman ƙara a madadinsu. Ma'aikaci na ganin shi da manajansa ne ke rigima, alhali sau da yawa wanda ya cike takardar bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Kora dabam, rashin ɗa'a dabam

A nan ne aka fi samun ruɗani. A jihohin Amurka duka, ban da Montana, ƙa'idar ita ce kamfani na iya sallamar ma'aikaci a kowane lokaci, da dalili ko babu, muddin ba dalilin da doka ta haramta ba ne kamar wariyar launin fata ko addini, kuma babu yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ko kwangila da ta ce akasin haka. Wato kora na iya zama halal a doka ɗari bisa ɗari, kuma duk da haka ma'aikaci ya cancanci kuɗinsa. Tambayar da hukuma ke yi ba ita ce ko kamfani na da ikon kora ba. Tambayarta ita ce: shin abin da mutumin ya yi ya kai rashin ɗa'a irin wanda doka ke nufi?

Ma'aunin da jihohi da yawa ke bi ya fito ne daga hukuncin Kotun Ƙolin Wisconsin na 1941, a shari'ar kamfanin tasi na Boynton da wani direbansa mai suna Neubeck, wanda aka kora bayan ya yi haɗurra da motar kamfani. Kotun ta ce a biya direban, ta kuma bayyana abin da za a kira rashin ɗa'a: mutum ya yi watsi da muradun kamfani da gangan, ya karya ƙa'idar da ya sani kuma kamfani ke da haƙƙin sa ran zai bi, ko ya yi sakaci mai girma ko mai maimaituwa har ya zama daidai da ganganci. Sai ta lissafa abin da ba ya ciki: rashin ƙwarewa, gazawa saboda abin ya fi ƙarfin mutum, kuskuren da ya faru jefi-jefi, da shawarar da mutum ya yanke da kyakkyawar niyya ta zo ba daidai ba.

Idan aka sauke wannan ƙasa, sata rashin ɗa'a ce. Haka zuwa aiki a buge, dambe a wurin aiki, ƙara awannin da ba a yi ba a takarda, ɓacewa kwanaki ba sanarwa, ko ƙin bin umarni mai ma'ana bayan an yi gargaɗi. Amma wanda aka ce ya haɗa kwali kaza a awa, ya yi iya yinsa bai kai ba, wannan gazawa ce. Wadda jininta bai haɗu da na sabon manaja ba, wanda ya kwanta rashin lafiya ya kuma sanar kamar yadda aka tsara, wanda aka ɗauka aiki sannan aka ga bai dace da shi ba, duk ana iya korarsu, amma a ma'aunin Boynton ba su yi abin da zai hana su kuɗi ba. Shi ya sa takardar da ta ce "aikinka bai gamsar ba", irin wadda ma'aikatan tarayya suka samu, ita kaɗai ba ta isa hujjar hanawa ba.

Alƙalai kan kuma nace a kan abin da ya faru na ƙarshe, wanda shi ne ya jawo korar. Kamfani na iya zuwa da fayil mai kauri na makarar bara da ta bara waccan, amma idan makarar ƙarshe ta faru ne don an kwantar da ɗan mutum a asibiti kuma ya kira ya faɗa, fayil ɗin ba zai yi nauyin da kamfani ke zato ba. Haka idan an san da laifin aka yi shiru wata da watanni, aka tashi kora daga baya, alƙali zai tambayi abin da ya jawo jinkirin.

Sai maganar wanda zai kawo hujja. Duk wanda ya zauna a gaban malamin fiƙihu ya san ƙa'idar: hujja tana wuyan mai da'awa. Haka abin yake a yawancin jihohi idan kora aka yi. Kamfani ne ya yi da'awar laifi, shi zai tabbatar. Dokar Kalifoniya ma ta fito fili ta ce ana ɗaukar cewa ba don rashin ɗa'a aka kori mutum ba, sai kamfani ya kawo bayanin da ya rushe wannan zato. Amma idan mutum da kansa ya ajiye aiki, nauyin ya koma kansa, shi zai nuna yana da ƙwaƙƙwaran dalili. Wannan ne ya sa ya kamata a yi hattara da tayin nan da ake yi cikin murya mai taushi a ofishin kula da ma'aikata: "Rubuta ka ajiye da kanka, don kada sunanka ya ɓaci." Jihohi da yawa na ɗaukar ajiye aiki na dole a matsayin kora, amma fa sai mutum ya iya nuna cewa dolen aka yi masa, ga kuma takarda da sa hannunsa tana cewa shi ya tafi.

Kuskure takwas cikin ciniki 80,000

Ba kowace jiha ce ta tsaya a kan Boynton ba. Bayan rikicin tattalin arziki na 2008 asusun jihohi da yawa ya ƙare, suka ci bashin tarayya, wasu majalisu suka ga hanyar rage kashewa ita ce faɗaɗa ma'anar laifi. Florida ta yi haka a 2011: karya dokar kamfani kawai ya isa, sai dai in ma'aikaci ya nuna bai san da dokar ba kuma ba yadda zai sani, ko dokar ba ta bisa ƙa'ida ko ba ta da alaƙa da aikin, ko kuma ba a aiki da ita a kan kowa daidai wa daida. Wisconsin kanta, inda aka haifi ma'aunin, ta ƙaro wani mataki a 2013, na babban sakaci wanda bai kai rashin ɗa'a ba amma yana hana kuɗi.

Shari'ar da ta gwada wannan sabon mataki ta wata kashiya ce, Lela Operton, da ta yi kimanin wata 20 tana aiki a kantin magani na Walgreens. A wannan lokaci ta yi ciniki kusan 80,000, ta yi kuskure takwas wajen karɓar kuɗi. Na ƙarshe, ta karɓi katin banki a cinikin kusan dala 400 ba ta duba katin shaidar mai shi ba, katin ya zamo na sata. Aka kore ta, aka hana ta kuɗi. Ta ɗaukaka ƙara, alƙalin farko ya ce ba rashin ɗa'a ba ne amma babban sakaci ne, hukumar da ke sama ta amince da shi. Sai a 2017, shekara uku bayan korar, Kotun Ƙolin jihar ta ce kurakuran nan ba da gangan ta yi su ba, kuma kuskure ba ya zama ganganci don kawai an taɓa yin gargaɗi a kan wani kuskure dabam. Ta yi nasara, amma kuɗin da aka tanada don cefanen makon da aka rasa aiki, ya zo bayan shekara uku, amfaninsa ya ragu sosai.

Yadda ake hanawa a karon farko

Mutum ya cike takardar nema ta intanet ko ta waya. Hukuma ta aika wa kamfani tambaya. Kamfani ya amsa da layi ɗaya ko biyu: ya karya dokar kamfani, an yi masa gargaɗi. Wani jami'i da ke da tulin fayiloli a gabansa ya kira ma'aikacin ko ya tura masa tambayoyi. Idan kiran ya zo da lambar da bai sani ba ya ƙi ɗauka, ko wasiƙar ta tafi tsohon adireshi, za a yanke hukunci da abin da ke hannu, wato maganar kamfani. Ba a rantsar da kowa ba, ba a yi wa kowa tambayar ƙwaƙƙwafi ba.

Hanawar kuma ba ta mako ɗaya ko biyu ba ce. A New York sai mutum ya sake samun aiki ya tara albashin da ya kai ninki 10 na abin da za a ba shi a mako kafin ya sake cancanta. A Kalifoniya ninki 5 ne, a Texas aikin mako 6 ko ninki 6. Wato ana ce wa marar aiki sai ya samu aiki kafin a taimake shi.

A ganina, a wannan gaɓar aka fi yin asara, kuma halinmu na taimakawa. Takarda ta zo da tambarin gwamnati da Turanci mai nauyi, mutum ya karanta ya ce an riga an yanke, ya bar wa Allah, ga kunyar a ji an kore shi da laifi. Haƙuri abu ne mai kyau, amma dokar kanta ba ta ɗauki takardar nan a matsayin maganar ƙarshe ba. A jikinta an rubuta yadda za a ƙalubalance ta.

Kwanakin ƙidayayyu ne

Wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne, kuma galibi daga ranar da aka aika takardar ake ƙirgawa, ba ranar da ta iso hannu ba. Massachusetts kwana 10, Texas 14, Florida 20, Pennsylvania da Ohio 21, New York da Kalifoniya da Illinois 30. Wanda ya makara sai ya fara gamsar da alƙali cewa yana da uzuri mai ƙarfi, kuma "ban gane takardar ba" ko "ina neman lauya" ba kasafai suke wucewa ba.

Takardar ɗaukaka ƙarar ba ta bukatar dogon bayani. Suna, lambar fayil, ranar hukuncin, da cewa ban yarda ba, ina neman a saurare ni. Gara ma a taƙaita, domin duk abin da aka rubuta cikin fushi zai shiga fayil, kamfani zai karanta. Ba a biyan ko sisi. A ajiye shaidar aikawa.

Abu na biyu da mutane ke mantawa: a ci gaba da cike rahoton mako-mako da neman aiki duk da ba a biya. Idan aka yi nasara, makonnin da aka yi rahotonsu ne ake biya a dunƙule. Wanda ya daina rahoto yana jiran hukunci na iya cin shari'a ya tarar babu abin karɓa.

Ranar zama

Yawanci ta waya ake yi ko ta bidiyo, gaban alƙalin hukuma wanda wasu jihohi ke kira da wani suna dabam. Ana rantsar da kowa, ana naɗar murya. Wanda Turancinsa bai nuna ba yana da damar neman tafinta kyauta, amma ya nema tun da wuri, ya faɗi harshen da yake so. Kada a yi ta maza a kan wannan. Turancin da ke isa a yi aiki a sito dabam yake da wanda ake amsa tambayar lauya da shi.

Ga misali. A ce wata mai kula da tsofaffi ce aka kora, kamfani ya ce ta bar aiki kafin lokacin tashi. Ranar zama, wadda ta zo a madadin kamfani jami'ar ofishin ma'aikata ce, tana karanta rahoton da shugabar sashe ta rubuta. Alƙali ya tambaye ta: kina wurin a daren? Ta ce a'a. Kin yi magana da ita kafin ta fita? A'a, an dai faɗa mini. Sai aka juyo kan ma'aikaciyar, ta ce makarantar renon ɗanta ce ta kira da ƙarfe tara, ta tura wa shugabar sashe saƙon tes, aka amsa mata da "to", ta jira wadda za ta karɓe ta ta iso sannan ta fita, ga hoton saƙon ta riga ta aika wa alƙali da kamfani. A irin wannan zama ana karɓar shaidar "an ce", amma ba ta kai nauyin shaidar wanda ya gani da idonsa kuma ya rantse ba. Kamfanin da bai kawo shugabar sashen ba ya zo da hannu ɗaya.

Yanzu a juya misalin. Alƙali ya tambaye ta ko ta san dokar, maimakon ta amsa sai ta shiga labarin yadda shugabar ta tsane ta tun bara, da yadda kowa ke fita da wuri ba a ce komai ba, ta ƙare da cewa "na san bai kamata ba, amma na gaji da su." Da bakinta ta cike wa kamfani abin da ya rasa: ta san doka, ta karya da gangan. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa. Suna zuwa don a wanke su daga duk zaluncin da aka yi musu a wurin aiki, alhali alƙali tambayoyi kaɗan ne a gabansa: wace doka ce, ka san da ita, me ya faru a ranar, an taɓa yi maka gargaɗi, kuma da gangan ne ko kuwa? Maganar cewa wasu na yi ba a kore su ba tana da amfani, amma sai da suna da rana, ba a dunƙule ba.

Kafin ranar, mutum na da damar ganin fayil ɗin don ya san abin da kamfani ya faɗa. Ya tattara littafin dokokin kamfani, takardun gargaɗi, takardun yabo in akwai, saƙonni, takardar likita. Idan akwai shaidar da ke tsoron zuwa don har yanzu yana aiki a wurin, ko bidiyon kyamara da ke hannun kamfani, ana iya roƙon alƙali ya ba da sammaci. Ana kuma ba kowane ɓangare damar yi wa shaidun ɗayan tambayoyi. Muhimmancin wannan zama shi ne kusan shi kaɗai ne wurin kawo hujja. Matakan da ke sama galibi naɗin muryar da takardun da aka riga aka karɓa suke dubawa, ba sa buɗe sabon shafi. Lauya ba dole ba ne, amma yana taimakawa, kuma a manyan birane akwai ƙungiyoyin lauyoyi da ofisoshin taimakon shari'a na jami'o'i da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta.

A yi wa kamfanoni adalci: ba duk wanda ya ƙalubalanci biyan ba ne azzalumi. Mai ƙaramin shago da ya kama ma'aikaci yana ɗibar kuɗi a akwati yana da gaskiya idan ya ce bai kamata harajinsa ya hau saboda ɓarawo ba, kuma asusun na kowa ne. Matsalar ita ce rashin daidaiton ƙarfi. Ɓangare ɗaya ya halarci irin wannan zama sau ɗari, ɗayan yau ne farkonsa, kuma cikinsa na kukan yunwa.

Idan ibada ce ta jawo korar

Wannan ya shafi Musulmi kai tsaye, ko da yake shari'o'in da suka share hanya na wasu ne. A 1963 Kotun Ƙolin Amurka ta ce South Carolina ba ta da ikon hana Adell Sherbert kuɗin rashin aiki don ta ƙi aikin ranar Asabar, ranar ibadar cocinta. A 1987 ta maimaita haka a kan Paula Hobbie, ma'aikaciyar kantin kayan ado a Florida, wadda ta shiga wannan coci bayan ta riga ta fara aiki, ta ce ba za ta ƙara aiki daga yammacin Juma'a zuwa yammacin Asabar ba, aka kore ta, jiha ta kira abin rashin ɗa'a. Kotu ta ce sauya addini bayan kama aiki bai rage mata kariya ba. Iyakar ta fito a 1990, a shari'ar wasu ma'aikata biyu a Oregon da aka kora don sun sha wani tsiro mai sa maye a ibadar 'yan asalin ƙasar. A nan kotu ta goyi bayan jiha, saboda tsiron haramtacce ne a dokar da ta hau kan kowa.

A Disamban 2015 kamfanin nama na Cargill ya kori kimanin Musulmi 150, yawancinsu 'yan Somaliya, a masana'antarsa ta Fort Morgan a Colorado, bayan sun ƙaurace wa aiki kan rigimar lokacin sallah. Kamfanin ya ce bai hana sallah ba, dokarsa ta kwana uku ba zuwa ba sanarwa ya bi. A 2016 hukumar ƙwadago ta jihar ta ce ma'aikatan sun cancanci kuɗin rashin aiki, a 2018 kuma kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 1.5 ga mutum 138 don a rufe ƙorafin wariya, ba tare da ya amsa laifi ba. Duk da haka, wanda ke son zuwa Juma'a ya nemi izini a rubuce tun farko ya ajiye amsar. Ficewa ba sanarwa, ko da masallaci aka nufa, ta fi wuyar karewa.

Bayan hukunci

Wanda ya faɗi yana da sauran matakai. A New York kwana 20 ne zuwa hukumar ɗaukaka ƙara, daga nan kwana 30 zuwa kotu. Kamfani ma yana da wannan dama. Amma tun 1971, a shari'ar Java da ta taso daga Kalifoniya, Kotun Ƙoli ta ce idan an riga an ce mutum ya cancanta, ba za a tsayar da biyansa don kawai kamfani ya ɗaukaka ƙara ba. Sai dai idan daga baya aka juya hukuncin, jiha na iya neman a mayar da abin da aka karɓa, ko da yake wasu jihohi na yafewa idan ba laifin mutum ba ne. Wanda kuwa ya yi ƙarya tun farko, ya rubuta cewa rage ma'aikata aka yi alhali korarsa aka yi, ya jawo wa kansa babbar matsala: mayar da kuɗi, da tarar aƙalla kashi 15 cikin ɗari da dokar tarayya ta wajabta. A rubuta "an kore ni", a bar kamfani ya kawo hujja.

Baƙi na da ƙarin sharaɗi: sai mutum yana da izinin aiki lokacin da ya yi aikin da kuma lokacin da yake nema. Wanda ake biya a hannu ba tare da an sa shi a lissafin kamfani ba, ko aka rubuta shi ɗan kwangila mai zaman kansa kamar yawancin direbobin manhaja, rigimarsa ta farko ita ce a yarda ma'aikaci ne, kuma ana cin irin wannan shari'a: a 2020 babbar kotun New York ta ce wani mai kai saƙo na kamfanin manhaja mai suna Postmates ma'aikaci ne da ya cancanta. Masu tsoron kada karɓar kuɗin ya ɓata musu neman katin zama kuwa, ƙa'idojin shige da fice na 2019 da na 2022 duka ba su lissafa shi cikin tallafin da karɓarsa kan zama hujjar hana mutum katin ba, amma fanni ne da ke yawan sauyawa, a tambayi lauyan shige da fice kafin a yanke shawara. Kuɗin kuma ana biya masa harajin tarayya.

Cin wannan shari'a ba ya mayar da mutum bakin aiki, ba ya kuma tabbatar da cewa korar haramtacciya ce. A New York da Kalifoniya doka ta ce hukuncin bai ɗaure wata kotu ba a wata ƙara dabam tsakanin ma'aikaci da kamfani, sai dai abin da mutum ya faɗa bisa rantsuwa yana nan a naɗe. Wanda ke ganin don addininsa ko launinsa ko ƙasarsa ta asali aka kore shi, ƙorafinsa na hukumar tarayya mai hana wariya a wurin aiki ne, EEOC, kuma ita ma da nata wa'adin: kwana 180 daga ranar korar, ko 300 a jihohin da ke da tasu hukumar. Wannan lissafi ba ya tsayawa don ana jiran hukuncin kuɗin rashin aiki.